Casio fx-991ES PLUS da rigimar nan ta 0.999... da 1

Iyaye suna yawan tambayata wace kalkuleta za su saya wa yaron da ya shiga SS1 ajin kimiyya, tunda ina koyar da lissafi a lesin na yamma, kuma amsata ba ta canzawa, Casio fx-991ES PLUS amma ta asali. Ba don yawan maballanta ba ne. A jikin kwalin an rubuta tana da ayyuka 417, gaskiya yaron sakandare ko rubu'insu ba zai taɓa ba har ya gama. Abin da ya sa nake sonta abu ɗaya ne, tana riƙe firakshan a firakshan ɗinsa, ba ta saurin farfasa shi ta mayar da shi disimal sai in kai ne ka ce ta yi.

Ka danna 1 ÷ 3 ka danna =, sai ta rubuta maka 1 a sama, layi, 3 a ƙasa, sak yadda malami zai rubuta a allo. In kana son ganin ɗaya fuskar akwai maballi kusa da M+ da aka rubuta S⇔D a kansa, ka taɓa shi ta ba ka 0.3333333333, ka sake taɓawa ta koma ɗaya bisa uku. Wannan maballin kaɗai wallahi ya biya kuɗinta a wurina, saboda yaro yana gani da idonsa lamba ɗaya ce ake juya masa ita gaba da baya, ba wani abu aka ƙara ba, ba a rage ba. Haka in ka sa √8 za ta ba ka 2√2, sin 60 ta ba ka √3 bisa 2, irin amsar da ake so a takardar jarrabawa ke nan.

To ka ɗauko irin kalkuletar kanti mai lamba takwas ɗin nan da 'yan tireda ke ajiyewa a kan teburi, ka yi 1 ÷ 3 za ta ba ka 0.3333333, ka ninka da 3 ta ba ka 0.9999999. A nan ake fara rigima. Kusan duk ajin da na koyar sai an samu wanda zai ɗaga hannu ya ce malam ai ka ga ni, ashe sulusi uku ba su cika ɗaya ba, saura ɗan kaɗan. Ita Casio ɗin in ka yi wannan lissafin 1 za ta ba ka cif, sai wani kuma ya ce to wacce ce mai gaskiya a cikinsu? Kuma ba yara kaɗai ba, na ji manya masu digiri suna musu a kan haka har da ɗaga murya, wani ya ce 0.999... kusa da 1 ne kawai amma ba zai taɓa kaiwa ba.

Kuma ina son mai wannan tambayar, don alama ce yana tunani. Amsar dai ita ce 0.999... mai tara marar iyaka daidai yake da 1, ba kusa ba, ba saura ƙiris ba, shi ne shi. Haka 0.333... marar iyaka shi ne ɗaya bisa uku. Kalkuletar kantin ba ƙarya ta yi ba, wuri ne ya ƙare mata, ta rubuta uku guda bakwai ta yar da sauran, kuma 0.3333333 mai uku bakwai lallai bai kai sulusi ba. Duk disimal ɗin da ka tsayar da shi a wani wuri ya gaza. Maganar da ake yi a kan wanda bai tsaya ba ne, ɗigo ukun nan da ake sawa a ƙarshe ba ado ba ne, su ne duka zancen.

Hanyar da aka fi sani ita ce ka ce x = 0.999..., ka ninka da goma ka samu 10x = 9.999..., ka cire na farko daga na biyu, taran da ke bayan ɗigo iri ɗaya ne a duka biyun tunda babu mai ƙarshe a cikinsu, sai su tafi gaba ɗaya a bar ka da 9x = 9, wato x = 1. Tana da kyau amma na lura yara da yawa suna karɓarta ne kamar an yi musu rufa-ido, su yi shiru amma zuciyarsu ba ta yarda ba. Wadda ta fi kama su ita ce in na ce to shi ke nan na yarda lambobi biyu ne daban, ku ba ni lamba ɗaya da ke tsakaninsu. Ai duk lambobi biyu da suka bambanta akwai wata a tsakani, ko ba komai ka haɗa su ka raba biyu. Tsakanin 0.9 da 1 akwai 0.95, tsakanin 0.99 da 1 akwai 0.995, to tsakanin 0.999... da 1 fa? Wace lamba ce ta fi tara-tara marar iyaka girma amma ba ta kai ɗaya ba, a wane gurbi za ka sa abin da ya fi tara? Sai wani ya ce bambancin ai 0.000...1 ne, sai in ce ɗayan nan a ina ka ajiye shi, ya ce bayan sifiri na ƙarshe, in ce wane ne na ƙarshen? A nan za ka ga yaro ya ajiye biro ya kalli silin, ya ɗan jima, sannan ya ce kai, ashe babu. Bambancin ya fi 0.1 ƙanƙanta, ya fi 0.001, ya fi duk wata lamba da za ka iya ambata ƙanƙanta, kuma abin da ya cika wannan sharaɗin sifiri ne kawai.

Abin da ke damun mutane shi ne ganin lamba ɗaya da rubutu biyu, alhali mun saba da hakan, 1/2 da 2/4 da 0.5 ba wanda ya taɓa musu a kansu. Kamar dai a ce Abubakar a ce Garba ne, mutumin ɗaya ne. Har 0.5 ɗin ma ana iya rubuta shi 0.4999..., duk disimal mai ƙarewa yana da irin wannan rubutu na biyun.

Amma a nan zan ja kunnen duk wanda zai saya, kar ka ɗauki kalkuletar a matsayin hujja. In ka cika allonta da 0.9999999999999 ka danna = za ta ce maka 1, kuma wannan ba don ta fahimci rashin iyaka ba ne, lamba goma take nunawa a allo, goma sha biyar take riƙewa a ciki, abin da ya wuce nan ta dunƙule shi zuwa mafi kusa. Abin da ka danna mata yana da ƙarshe, don haka a haƙiƙa bai kai 1 ba. Haka 2 ÷ 3 za ta nuna 0.6666666667, na sha ganin yaran da suka ɗauka da gaske akwai 7 a ƙarshen biyu bisa uku, babu, shida ne har abada, dunƙulewa ce ta kawo bakwan. Babu wata na'ura a duniya da za ta nuna maka lamba marar iyaka, wannan aikin takarda da ƙwaƙwalwa ne. Ita dai ta fi saura ne don tana ajiye maka firakshan ɗin da babu ragi a cikinsa.

Wannan dunƙulewar kuma tana da amfaninta. In aka ba ka 0.272727... aka ce ka mayar firakshan, ka yi ta danna 27 har ka cika layin ka danna =, za ta ba ka 3 bisa 11. Ina barin ɗalibai su yi haka don duba amsa kawai, amma sai sun yi da hannu tukuna, lamba biyu ke maimaituwa don haka 27 bisa 99, a rage da tara a samu 3 bisa 11. In kuma akwai wadda ba ta cikin maimaicin kamar 0.1666..., sai 100x = 16.666... a cire 10x = 1.666..., 90x = 15, x ya zama 15 bisa 90 wato sudusi. Mai makin takarda aikin yake son gani ba amsa tsura ba.

Shi kansa maimaicin me ke kawo shi, wannan kalkuleta ba za ta faɗa maka ba sai ka yi doguwar rabawa da hannu ko sau ɗaya ne. Raba 1 da 7, goma a raba bakwai 1 saura 3, talatin 4 saura 2, ashirin 2 saura 6, sittin 8 saura 4, arba'in 5 saura 5, hamsin 7 saura 1, ka ga mun dawo inda muka fara, daga nan dole komai ya sake zagayowa, 0.142857142857... Tunda da bakwai kake rabawa saura ba zai wuce 1 zuwa 6 ba, to ko ka ƙi ko ka so sai ɗayansu ya dawo. Shi ya sa kowane firakshan ko dai disimal ɗinsa ya ƙare ko ya yi ta maimaitawa, babu na uku. Wanda zai ƙare kuwa shi ne wanda bayan an rage shi lambar ƙasa ba ta da komai a cikinta sai 2 da 5, su 4 da 8 da 20 da 40, saboda goma kanta 2 sau 5 ce. Da zarar 3 ko 7 ko 11 sun shiga to an kama hanyar da ba ta ƙarewa. Na 1/7 lamba shida ne Casio na nuna zagaye guda har da ɗoriya, amma 1/17 lamba goma sha shida yake yi kafin ya dawo, 1/97 kuwa casa'in da shida, waɗannan allonta ba zai ɗauka ba.

Inda na fi ganin amfanin wannan riƙon firakshan a wajen aji shi ne rabon gado. Kasonnin da ake aiki da su ai rabi ne da rubu'i da sumuni da sulusi biyu da sulusi da sudusi, uku na farko suna ƙarewa a disimal, ukun ƙarshe ba sa ƙarewa. A ce an bar naira 1,000,000, akwai mata da uwa da 'ya'ya har da namiji, mata sumuni 125,000 cif, uwa sudusi 166,666.666... ba iyaka. In ka fara yanke disimal tun daga farko kana ninkawa kana cirewa, a ƙarshe sai ka ga kuɗi bai haɗu ba ana kallon juna. Malamanmu na gado tun can ba sa bi ta nan, asalin mas'ala suke nema, a nan 24, mata 3, uwa 4, saura 17 na 'ya'ya. Ka sa 1/8 + 1/6 a wannan kalkuletar 7/24 za ta ba ka, ka cire daga 1 ta ba ka 17/24, tafiyarsu ɗaya da ta malaman. Hukuncin wa ke da me dai na malamai ne da alƙalai, ita lissafin kawai take yi. Zakka kuwa ba ta da wannan matsalar, ɗaya bisa arba'in 0.025 ne ya ƙare.

Ka tambayi dattawa ma, kafin a canza kuɗi zuwa naira da kobo ranar 1 ga Janairun 1973 sule ɗaya kwabo 12 ne, fam ɗaya sule 20. Sulusin sule kwabo 4 ne ba saura, rubu'insa taro, rabinsa sisi, sulusin fam sule 6 da kwabo 8. Yanzu raba naira ɗaya uku ka gani, kobo 33 da abin da ba ya ƙarewa. Kenan ba sulusi ne ke da matsala ba, ƙirga da goma-goma ne bai dace da uku ba. Agogo ma shaida ne, sulusin awa minti 20 ne cif saboda sittin-sittin ɗin da aka gada daga mutanen Babila na da, can ƙasar Iraƙi ta yanzu. A Casio ɗin in ka yi 1 ÷ 3 ka danna maballin digiri da minti za ta nuna maka 0°20'0", ina son nuna wa yara wannan sosai. Kwamfuta kuma da biyu-biyu take ƙirga, a wurinta ɗaya bisa goma ne ba ya ƙarewa, shi ya sa masu koyon Python, wani yaren rubuta firogiram na kwamfuta, in suka rubuta 0.1 + 0.2 suke ganin 0.30000000000000004 su rikice. Wannan kalkuletar 3 bisa 10 take bayarwa.

Akwai 'yan wasanni da nake ba su ranar da na ga sun gaji. 142857 ɗin nan na 1/7 ka ninka shi da 2 ka samu 285714, da 3 ka samu 428571, da 4 571428, da 5 714285, da 6 857142, lambobin nan shida ne dai suke zagayawa ba baƙo ko ɗaya, sai ka ninka da 7 ka ga 999999. Ka duba da kyau wannan ma rigimar ɗazu ce ta dawo, 1/7 sau 7 ai 1 ne, disimal ɗinsa sau 7 kuma 0.999999... ne. Ka raba shi gida biyu 142 + 857 ka samu 999. Sai 1 ÷ 81 da ke ba da 0.01234567901, duk lambobi a jere amma ba 8, kuma 12345679 sau 9 shi ne 111111111, sau 18 kuma 222222222. Yara suna son wannan na ƙarshen har su je gida su gwada wa ƙannensu.

Sai π, wanda tun firamare aka sa mana a kai cewa 22/7 ne. Ba shi ba ne, kusa ne kawai, kuma a nan kalmar kusa ta dace. Ka danna 22 ÷ 7 ka cire π za ta nuna maka bambanci wajen 0.00126. 22/7 firakshan ne don haka maimaitawa yake, 3.142857142857..., shi kuwa π 3.14159265... ba ya ƙarewa kuma ba ya maimaitawa, babu firakshan ɗin da zai zama daidai da shi, wani masanin lissafi Johann Lambert ya tabbatar da haka a 1761. Wani masanin ƙasar Sin Zu Chongzhi tun ƙarni na 5 ya samo 355/113 wanda ya dace da π har gurbi shida bayan ɗigo, gwada shi ka gani. Shi kansa rubutun disimal ɗin akwai hannun malaman Musulmi a ciki, al-Uƙlidisi ya yi amfani da shi a Dimashƙa a ƙarni na 10, al-Kashi ya tsara shi sosai a Samarƙand a 1427, kafin Simon Stevin ya yaɗa shi a Turai a 1585.

Yanzu abin da ba ta da shi. Ba ta sa ɗigo a saman lambar da ke maimaituwa, alhali 'yan'uwanta da aka sayar a Ingila a baya irin fx-83GT PLUS da fx-85GT PLUS suna yi, ka raba 1 da 3 su nuna maka 0.3 da ɗigo a kan ukun. In da tana da wannan da maganar 7 ɗin ƙarshen 0.6666666667 ba ta taso ba. Sannan in firakshan ya yi tsawo ya wuce gurbi goma da kanta take mayar da shi disimal. Allonta ba ya haske, in an ɗauke wuta da dare sai da fitila. Kuma yadda take fitowa daga kwali ƙananan lambobi da 10 mai ƙaramin lamba a sama take nuna su, 1 ÷ 200 a disimal sai ka ga 5×10⁻³, sabon shiga ya ɗauka ta lalace, maganinsa SHIFT, MODE, 8, 2 shi ke nan ta koma 0.005. Masu fiziks da kemistiri da suka fi son disimal kai tsaye su riƙa danna SHIFT kafin =. In kuma yaro ya tattaɓa ta ta rikice gaba ɗaya, SHIFT, 9, 3, = sai AC, ta dawo yadda aka sayo ta.

Sauran aikinta ba laifi, tana warware kwadiratik da lissafin da ba a san abu biyu ko uku ba, tana matiris har uku-da-uku, ga ƙididdiga, yaro zai iya tafiya da ita har jami'a in injiniyanci ko kimiyya zai karanta. Ba a rubuta mata firogiram, shi ya sa makarantu ba su cika hana ta ba, amma duk da haka a tambayi makaranta dokar jarrabawarsu kafin a saya, JAMB dai ba a shiga da kowace iri, ta kan kwamfuta ake amfani da ita. Sola ce da batir LR44 guda ɗaya, irin ɗan madauwarin nan da ake samu wajen masu gyaran agogo, ga murfi mai tauri da ake zurawa wanda ke kare allon a cikin jakar makaranta.

Babbar matsalar sayenta a kasuwanninmu jabu ce, ta yi yawa ƙwarai kuma kwalin kusan iri ɗaya. In aka faɗa maka kuɗin da ya yi araha fiye da kima ka tsaya ka duba. Ta jabu ba ta da nauyi a hannu, maballanta suna ƙara kwas-kwas wasu sai ka danna sau biyu, rubutun jikinsu yana gogewa da wuri, in ka karkata allon lambobin su dusashe, wasu ma solar ado ce kawai, baƙar roba aka liƙa ba waya a bayanta. Kafin ka biya dan Allah ka ce mai shago ya buɗe maka, ka danna kowane maballi, ka gwada 1 ÷ 3 da S⇔D da √8, ka kuma yi yarjejeniya da shi za ka dawo da ita in ta ba da matsala. Mai tireda da ke haɗa kuɗin sukari da madara ba ya buƙatarta, ta kantin nan ta ishe shi, haka ɗan firamare da ɗan JS1 ni ban so a ba su kowace iri tukuna, su fara iya doguwar rabawa da hannu har su ga saura yana dawowa da kansu. Daga SS1 zuwa sama ne nake cewa a saya, kuma a rubuta sunan yaro a bayanta da cikin murfin da abin da ba ya gogewa, don a aji ɗaya sai ka samu goma iri ɗaya.